Kokowar yara: me ke sa uba ya ɗauke ɗansa daga hannun ubangida ya kai shi wani hannu?

Kaka ta yi. An ɗaure damman gero an kai rumbu, an rore wake, aya ta shiga buhu, don haka ganga ta koma dandali. Daga nan Sae Sabuwa zuwa Cadakori, Tibiri da Gidan Sori, har can gabas wajen Cadawa, Agye, Gazawa da Gangara, lokacin kokowa ne. Kuma kowace shekara daidai wanga lokaci akwai wata rigima da ke biyo bayan gangar, wadda ba a cika faɗinta a fili ba sai a majalisa. Yaro ɗan shekara 14 ko 15, bara an gan shi yana shiga fili bayan wane, bana sai ga shi bayan wani daban. Tsohon ubangidan ya ce an yi mishi butulci. Uban yaro ya ce ɗana ne, ni na haife shi, inda na ga dama nan zan kai shi. Daga nan gaisuwa ta yi sanyi tsakanin gida biyu, wani lokaci har tsakanin gari biyu.

Bari mu warware zancen daga tushe, don da yawa daga cikin masu yanke hukunci a majalisa ba su san abin da ke tsakanin yaro da ubangidansa ba.

A ƙauye babu makarantar kokowa mai allo da rajista. Yaro yana farawa ne a dandali da farin wata, shi da sa'o'insa, a kama a kayar a tashi a kakkaɓe. Cikin masu kallo akwai wani tsohon ɗan kokowa, ko wanda har yanzu yake taɓawa, da zai lura cewa wancan yaron ƙafarsa ba ta saurin barin ƙasa, ko kuwa in an kayar da shi ba ya kuka, yana tashi ya ce a sake. Sai ya je wurin uban ya ce a ba shi yaron ya riƙa. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba takarda, ba shaida, wani lokaci ko goro babu.

Daga ranar nan aiki ya hau kansa. Shi zai koya wa yaron tsayuwa, yadda ake sunkuyawa ba tare da an ba abokin karawa wuya ba, kamun ƙugu, ɗaukar ƙafa, taɗiya da yadda ake kuɓuce mata. Shi zai koya mishi faɗuwa, wadda ita ce ta fi komai wuyar koyo, don yaron da bai iya faɗuwa ba shi ke dafa ƙasa da hannu a miƙe ya karye. Shi zai ɗauke shi bisa babur zuwa kokowar gari kaza, ya saya mishi fura da nama, ya sallami makaɗi don a ambaci sunan yaron ko sau ɗaya ne. In an yi targaɗe, shi ke kai shi wurin maɗori. In gidan masu neman laƙani ne, shi ya san malamin da ake zuwa wurinsa, shi ke biyan kuɗin laya da rubutu. Kuma abin da ya fi duka: shi ke zaɓa wa yaron wanda zai kama da wanda ba zai kama ba. A dandalin ƙauye ba a auna nauyi, ba a duba takardar haihuwa, da ido ake haɗa yara. Ubangida na kirki shi ne mai cewa a'a, wancan ya fi ƙarfin yarona bana, a bari sai baɗi, ko da jama'a na ihu ana cewa tsoro ne.

Shekara 4, shekara 5 yana wannan hidima, yaron bai kawo ko dala ba. Ladan da yake jira biyu ne: suna, a ce yaron wane ne, da kuma rabonsa cikin karin da za a fara yi wa yaron in ya soma kayar da manya. To ku duba lokacin da ake ɗauke yaro. Ba wanda ke zuwa neman ɗan shekara 10 mai majina. Sai ya kai 15 ko 16, ƙirji ya buɗe, an fara kiran sunansa a kasuwa, sannan mai nema ke fitowa. Mutum ya dasa mangwaro ya yi ta ban ruwa, shekarar da ya fara fure aka ce ai filin ba naka ba ne. In kun ji ubangida na ɗaci, daga nan ɗacin yake.

Abin da uba ke hange

Shi ma uban ba mahaukaci ba ne, akwai abin da yake kallo. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, kokowa ta tashi daga wasan bayan kaka ta zama hanyar arziki da ɗaukaka. Wanda ya fara ɗaukar takobi ɗan jiharmu ne, Yakuba Kantu, shi ya sa babban filin kokowa na Maraɗi ke ɗauke da sunansa, kamar yadda na Doso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Bayansa Maraɗi ta sake ganin takobi a hannun irin su Umaru Bindigau. A zamanin nan kuwa kowane yaro ya san Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi har sau 6. Sarkin kokowa na tashi da miliyoyin sefa, ga doki, ga babbar riga da rawani, ban da abin da ƴan kasuwa da manyan gwamnati ke yi mishi kari da shi. Uban da ke noma kadada biyu ta jigawa, in ya ga haka a talabijin, ya juya ya dubi ɗansa mai ƙarfi, dole zuciyarsa ta yi lissafi.

Sai dai ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Jihohi 8 ne, kowace na kawo ƴan kokowa 10, jimla 80. Jihar Maraɗi, wadda a ƙidayar 2012 ta haura mutum miliyan 3, gurbi 10 kacal gare ta, kuma gundumomi 8 ne ke nemansu: Agye, Barmo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, ga birnin Maraɗi kansa. Kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya tsallake tankaɗe tun daga ƙasa har zuwa na jiha. In ma ya shiga, a gasar takobi faɗuwa ɗaya ta fitar da shi daga neman sarauta, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokowa a sauran kwanakin. Uba na ganin cewa wanda ke kusa da birni, kusa da masu horas da tawagar jiha, ya fi samun a gan shi. Kuma a nan yana da gaskiya. Ƙarfin da aka ɓoye a ƙauye ba ya kai kowa Yamai.

Akwai dalili na biyu da ni nake ganin ya fi na farko nauyi, ko da yake iyaye ba su cika ambatonsa ba. Ɗan kokowa da abokin gwaji yake girma. Yaron da ya kayar da duk sa'o'insa na gari, ya kayar da na garuruwan kewaye, in ya ci gaba da zama nan, kullum da waɗanda ya fi ƙarfi zai riƙa gwadawa, ƙarfinsa ya tsaya inda yake. Ubangida ɗaya mai yara uku ba zai iya ba shi abin da zai samu a wurin da ƙarti 15 ke haɗuwa kowace safiya ba. Ko a wasu wasannin haka abin yake. Abdulrazak Isufu Alfaga, da ya kawo wa Nijar lambar azurfa ta taekwondo daga gasar Olimfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, a Jamus ya je ya ƙaro horo. Da an ce biyayya ita ce ya zauna inda ya fara, da ba mu ga lambar nan ba.

Sauran dalilan kuwa kun san su. Akwai ubangidan da ke da ɗan cikinsa a cikin yaran, kullum shi ake turawa inda kari yake, ɗan wani kuma a tura shi inda ƙashi ke karyewa. Akwai wanda in an yi wa yaro karin jika 10, sai ya miƙa mishi jika guda ya ce sauran na hidima ne, ba lissafi. Akwai mai duka da zagi. Akwai kuma, Allah ya kiyaye, mai ba yaro ƙwaya, tramol da ire-irensa, wai don kada ya ji gajiya ko ciwo. Uban da ya gano wannan na ƙarshe, kada ya jira sallama, kada ya jira ƙarshen kaka, ya ɗauke ɗansa a daren. Babu wata biyayya da ta kai lafiyar ƙwaƙwalwar yaro.

Sai dalilin da ya shafe ku, ƴan uwa na Legas, Kwatano, Abijan, Agadas, Aljeriya da Libiya. Yanzu kowace kokowa ana ɗaukarta a salula. Minti biyu bayan yaro ya yi kaye, hoton ya isa wurin yayansa a Sabha ko Tamanrasat ta WhatsApp. Yayan ya kalla sau goma, jininsa ya hau, ya bugo waya: Baba, yaron nan ya wuce ƙauye, akwai wani Alhaji a Maraɗi da na sani, a kai mishi shi, ni zan aiko da kuɗin mota. Niyyar mai kyau ce. Amma abin da ya gani daƙiƙa 30 ne na ranar sa'a. Bai ga ranar da aka kayar da yaron sau biyu ba, don wannan ba wanda ke tura shi. Kuma da yake shi ke aiko da kuɗin cefane, maganarsa ta fi ta kowa nauyi a gidan, har ta fi ta wanda ya shekara biyar yana kallon ƙafar yaron.

Abin da yaro ke bari a baya

In an kai yaro sabon hannu, abu na farko da ke ɓacewa shi ne sanin jikinsa. Tsohon ubangida ya san cewa kafaɗar hagu ta taɓa gocewa shekara biyu da suka wuce, ya san gwiwar da ke kumbura in an yi kokowa kwana biyu a jere. Sabon bai sani ba, yaron kuma ba zai faɗa ba, don yana tsoron a ce an kawo mai naƙasa. Uban ma ba zai faɗa ba, kamar mai kai akuya kasuwa. Haka za a sa shi gwaji da wanda ya girme shi da shekara biyar, kafaɗar ta sake fita, wannan karon ta ƙi komawa daidai.

Na biyu, matsayi. A garinsu shi ne na ɗaya, shi ake wa kiɗa. A sabon wuri shi ne na takwas ko na tara, shi ke ɗaukar jakar manya da butar rubutu. Wannan ba laifi ba ne, kowane babba ya ɗauki jaka. Amma a gaya wa yaron tun kafin ya tafi, don akwai waɗanda zuciyarsu ke karyewa a wata uku, su bar kokowar gaba ɗaya, su kuma ji kunyar komawa gida. Irinsu ne ake tararwa a tasha suna kabu-kabu da babur ɗin wani.

Kuma mai kuɗin da ya karɓi yaro ya saya mishi salula da sabbin kaya, shi ma yana da lissafinsa. Yana son sunansa ya fito bana, ba nan da shekara huɗu ba. Haƙurin da tsohon ɗan kokowa ke da shi na cewa a bari sai baɗi, ɗan kasuwa bai cika samunsa ba, don shi bai taɓa jin yadda ƙasa ke karɓar bayan mutum ba. Ban ce duka haka suke ba. Akwai alhazan da suka riƙe ƴan kokowa tsakani da Allah, suka yi musu aure, suka ba su jari. Amma uba ya bambance tsakanin mai riƙo da mai horaswa. Wanda zai ciyar daban, wanda zai koyar daban, kuma sau da yawa in an ce an kai yaro birni, wurin mai ciyarwa aka kai shi, ba a ma tambayi wa zai koyar ba.

Lakwal fa? Wannan ita ce ake mantawa da ita gaba ɗaya. Lokacin kokowa ya faɗo ne tsakiyar shekarar karatu. Yaron da ke CEG a garinsu, in an ɗauke shi a watan Nuwamba ko Disamba ba tare da an nema mishi gurbi a wata makaranta ba, shekarar ta tafi, kuma da wuya ya koma. Ku sake tuna lissafin can: gurbi 10 ga jiha guda. Cikin yara ɗari da ake cirewa daga aji saboda kokowa, nawa ne za su taka filin gasar ƙasa?

Sannan akwai abin da ƴan kokowa kansu suka fi tsoro, wato asiri. Tsohon ubangida ya san ta inda ake kayar da yaron. Ya san cewa in an matsa mishi ta dama yana ba da ƙafa, ya san abin da ke cikin layarsa da wanda ya rubuta ta. In an rabu da faɗa, ranar da yaron zai haɗu da wani daga tsohon gidansu, an riga an karanta wa abokin karawar shi kamar wasiƙa. Ko mutum bai yarda da zancen laya ba, ya yarda da wannan: yaron da ya shiga fili yana jin cewa ubangidansa na fushi da shi, ƙafarsa ba ta tsayawa daidai. Rabin kokowa a zuciya take.

Yadda wasu suka yi da tasu rigimar

Maƙwabtanmu na Najeriya, a fagen dambe, sun ɗaure abin da suna. Ɗan dambe na ɗaukar sunan maigidansa ya liƙa a nasa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Kuma kowa na da ɓangarensa, Arewa, Kudu ko Guramaɗa. Duk inda ya je a duniya, mai shela na kiran sunan wanda ya rene shi. Wannan ba ya hana rabuwa, amma yana biyan rabin bashin, don suna na cikin abin da ubangida ke nema.

A Senegal, inda kokowarsu ta manya ake haɗawa da naushi, ƴan kokowa na cikin ƙungiyoyi da suke kira ekiri, kuma tun 1994 aka kafa kwamitin ƙasa mai ba da lasisi. Can ma ana rabuwa. Eumeu Sène ya tashi ne a ekirin Boul Falé na Mohamed Ndao da ake kira Tyson, daga baya ya fita ya kafa nasa, Tay Shinger, kuma a 2018 ya kayar da Bombardier ya zama sarkin fili. Bambancin shi ne can akwai rajista, an san ranar da mutum ya shiga da ranar da ya fita.

Mu ma a sama akwai tsari. Hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, ita ke kula da wanda zai yi kokowa da sunan wace jiha, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a tawagogin wasu jihohi akwai ƴan kokowar da ba can aka binne cibiyarsu ba. Manya ke nan, masu hankalin kansu, suna bin inda za su samu gurbi da kulawa. Yara suna gani, iyaye suna gani. In babba ya canza jiha an yi mishi kiɗa, da wuya a gaya wa ƙarami cewa canza ubangida abin kunya ne. Amma tsarin bai sauko ƙasa inda ɗan shekara 14 yake ba. Nan ba lasisi, ba rajista, sai fatar baki.

Masu ƙwallon ƙafa su ne suka fi kowa nisa a wannan fanni, don sun sha rigimar kafin kowa. A dokar FIFA, in an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kowa gwargwadon shekarun da ya yi da shi. Wato in an sayar da shi miliyan 100, miliyan 5 na masu reno ne. Ban da wannan akwai diyyar horo da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantaraginsa ta farko ta ƙwararru. Kuma dokar ta hana a fitar da yaron da bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, sai da wasu ƴan dalilai da aka ƙayyade. Ku ɗauki Musa Maazu, da ya tashi daga AS FAN ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, daga can ya wuce CSKA ta Mosko a 2009: irin wannan tafiya ce dokar ta yi tanadi dominta, don kada wanda ya yi wahalar farko ya tashi hannu wofi. Masu ƙwallo ba su ce kada yaro ya tafi ba. Sun ce ya tafi, amma a biya mai reno.

Har a Amurka akwai irin wannan ƙorafi, a wani wasa da ba mu da shi nan, wanda suke kira ciyalidin. Asalinsa ƴan makaranta ne masu yi wa ƴan wasansu kirari da ihu a gefen fili, kusan aikin da makaɗa da cali-cali ke yi mana, tun 1898 a jami'ar Minesota. Yanzu ya zama gasa mai zaman kanta, har kwamitin Olimfik na duniya ya amince da hukumarsa a 2021. Yara ne, galibi mata, ke tsalle da wulƙitawa, ana jefa ɗaya sama wasu su cafe ta, cikin minti biyu da rabi. Iyaye na biyan dubban daloli a shekara ga gidajen horo, kuma da yake su ke biya, in sun ga ba a sa ɗiyarsu gaba ba sai su ɗauke ta su kai gidan da ke cin kofi. Matsalar ita ce in yarinya ɗaya ta fita tsakiyar shekara, waɗanda ke cafe ta ko waɗanda take cafewa sun rasa abin yi, dole a sake tsara wasan duka. Shi ya sa a wurinsu babban laifi shi ne fita tsakiyar kakar wasa, fita bayan an gama kuwa abu ne da aka saba. Na kawo wannan ne don ku ga cewa masu dala ma ba su tsira ba, kuma abin da suka gano ya yi daidai da namu: lokacin tafiya da yadda aka tafi su ne ke sa rabuwa ta zama faɗa.

To mu a nan yaya za a yi?

A ganina uba na da iko ya canza wa ɗansa hannu, kuma ubangidan da ke cewa yaro nasa ne har abada ya wuce gona da iri. Riƙo aka ba shi, ba sayar mishi aka yi ba. Amma yadda ake yi yanzu, a ɗauke yaro da dare kamar kayan sata, ubangida ya ji labari a bakin makaɗi, wannan wulaƙanci ne, kuma yaron ne ke biyan kuɗinsa. Da ƙafa aka zo aka roƙi yaron, da ƙafa ya kamata a je a karɓe shi. Uba ya ɗauki goro, ya ɗauki dattijo ɗaya ko mai gari, ya je ya ce: Malam wane, ka yi mana ƙoƙari, Allah ya saka, ga abin da muke gani game da yaron nan, me ka ce? Sau da yawa za ku sha mamaki. Tsohon ɗan kokowa ya fi uban sanin cewa yaron ya wuce ƙauye, kuma ya fi shi sanin hannun da ya dace a birni, don tare suka yi zamani da masu horaswar can. Yaron da ubangidansa ya kai shi da kansa ya damƙa, ya ce ga kafaɗar da za a kula da ita, ya fi wanda aka kai a ɓoye samun karɓuwa nesa ba kusa ba.

A bari kuma kaka ta wuce. In an fara zagayen kokowa da yaro, an yi alkawari da garuruwa cewa za a zo da shi, a bari a gama. Tsakanin ƙarshen rani da faɗuwar ruwa akwai isasshen lokacin sallama.

Zancen kuɗi a yi shi a gaban shaidu, tun ana dariya. Ba sai an kwaikwayi kashi 5 na FIFA daidai ba, amma a ce: duk ranar da yaron nan ya shiga tawagar jiha, ko ya samu babban kari, ga rabon wanda ya fara riƙe shi. A rubuta a takarda ko da da ajami ne, liman ya riƙe ɗaya. Masu shirya kokowa a kowace karamar hukuma ma za su iya buɗe littafi guda, a rubuta sunan yaro, shekarunsa bisa takardar haihuwa, da sunan mai riƙe da shi. Kuɗin littafin bai kai na buhun siminti ba, kuma zai rage rigima biyu a lokaci ɗaya, ta ubangida da ta ƙarti masu gemu da ake shigowa da su kokowar yara a ce shekararsu 15.

Su ma iyayengiji su gyara. Wanda ke lissafa wa uba karin da aka samu bayan kowace fita, ya raba a gabansa, da wuya a ɗauke mishi yaro a ɓoye. Mafi yawan guduwar da ake yi, ƙorafi ne da aka daɗe ana haɗiyewa.

Shi yaron kuma a tambaye shi, a keɓe, ba a gaban Alhajin da ya kawo salula ba. Uwarsa ta fi kowa iya jin gaskiyarsa. Wani yaron yana son tafiya amma yana jin nauyin ubangidansa, wani kuma ba ya so sam, yana tsoron ya musa wa babansa da yayansa mai aiko da kuɗi.

Kafin a sa yaro a mota, uba ya samu amsar waɗannan daga bakin sabon mai riƙo, a gaban mutane: a ina yaron zai riƙa kwana, kuma da su wa? Wa zai riƙa koya mishi, da sunansa? Wace makaranta zai shiga, wa zai kai takardunsa? In ya karye, likita za a kai shi ko wurin maɗori, kuma wa zai biya? In ruwa ya faɗi, zai dawo ya taya noma ko can zai zauna? Ku kuma na waje da za ku aiko da kuɗin mota, ku ƙara da na kati, ku kira tsohon ubangidan ku ji ta bakinsa kafin motar ta tashi.